BABI NA HUƊU: TSARA UWAR GARKE DOMIN AIKA FAYIL CIKIN TSARO

4.0 Shimfiɗa

A babin da ya gabata an yi bayanin yadda kwamfutoci ke sadarwa da junansu, da kuma matsayin kwamfutar nan da ake kira sabar, wadda a wannan nazari aka zaɓi a kira ta uwar garke, kasancewar gare ta sauran kwamfutoci ke komawa domin ajiya da ɗauka. A wannan babi kuwa za a dubi yadda ake tsara irin wannan uwar garke ta yadda mutane za su riƙa aika mata fayil, su kuma ɗauko, ba tare da wani na gefe ya karanta abin da ke ciki ko ya sauya shi ba. Manhajar da aka ɗauka domin yin wannan bayani ita ce OpenSSH, a kan babbar manhajar Linux irin ta Debian da Ubuntu. Misalin da za a riƙa komawa gare shi kuwa shi ne na wata tsangaya mai sassa da yawa, inda kowane sashe ke aika sakamakon jarrabawar ɗalibansa zuwa ofishin jarrabawa, kuma bai kamata wani sashe ya ga na wani ba.

Za a ci karo da kalmar layancewa a wurare da dama. Abin da ake nufi da ita shi ne jirkita bayani ta hanyar lissafi, ya zama kamar rubutun da aka naɗe cikin laya, wanda ba mai iya karanta shi sai wanda ke riƙe da mabuɗinsa. Abin da babin ke son nunawa shi ne, layance fayil a kan hanya shi ne ɓangare mafi sauƙi, domin manhajar ce ke yin sa da kanta tun ranar da aka girka ta. Inda aikin mai gudanarwa yake shi ne yanke shawarar wanda zai shiga, da abin da zai nuna kafin ya shiga, da kuma iyakar inda zai tsaya bayan ya shiga.

4.1 Daga FTP Zuwa SFTP

Tsohuwar ƙa'idar aika fayil ita ce FTP. Abhay Bhushan ne ya fara rubuta ta a shekarar 1971 a matsayin RFC 114, sa'annan Jon Postel da Joyce Reynolds suka fitar da siffarta da aka fi sani a 1985, wato RFC 959. An tsara ta ne a zamanin da kwamfutocin da ke haɗe da juna 'yan kaɗan ne, kuma masu amfani da su kusan duk sun san juna. Saboda haka sunan mutum da kalmar sirrinsa da fayil ɗin kansa duk a fili suke tafiya, duk wanda ya sami damar saurare a kan hanya zai karance su tsaf. Haka kuma FTP tana amfani da hanyoyi biyu ne: ɗaya ta ƙofa mai lamba 21 domin umarni, ɗaya kuma ta daban domin jigilar fayil ɗin. Wannan hanya ta biyu ita ce ke wahalar da katangar tsaro, domin sau da yawa sai an bar jerin ƙofofi masu yawa a buɗe kafin aiki ya yiwu. A shekarar 2021 manhajojin shiga intanet na Chrome da Firefox duk sun cire FTP daga cikinsu.

A shekarar 1995 aka gano an dasa wata manhajar satar kalmomin sirri a hanyar sadarwar Jami'ar Fasaha ta Helsinki da ke ƙasar Finlan. Wannan ne ya sa wani mai bincike a jami'ar, Tatu Ylönen, ya rubuta SSH, wadda ke layance duk abin da ke gudana tsakanin kwamfutoci biyu. Ya nemi a ba ta ƙofa mai lamba 22, wadda ke tsakanin 21 ta FTP da 23 ta Telnet, wato ƙa'idojin nan biyu da yake son ta maye gurbinsu, aka kuwa ba shi. Da SSH ta koma hajar sayarwa, sai masu aikin OpenBSD suka ɗauki tsohuwar siffarta da ke kyauta suka gyara, suka fitar da OpenSSH a 1999. Siffa ta biyu ta ƙa'idar, wadda ita ake amfani da ita yanzu, an tabbatar da ita a 2006 cikin RFC 4251 zuwa 4254.

SFTP ƙa'idar aika fayil ce da ke tafiya a cikin SSH. Ya kamata a lura cewa ba FTP ce aka sa wa riga ba, sabuwar ƙa'ida ce daban, kuma umarni da fayil duk ta ƙofa ɗaya suke bi. Wadda ta kasance FTP ce aka lulluɓe da layancewa ita ce FTPS, ta RFC 4217 na shekarar 2005, kuma ta gaji matsalar hanyoyi biyun nan daga uwarta. Kamancin sunayen biyu yakan rikitar da mutane, har a girka ɗaya a uwar garke alhali mai aikowa ɗayar ya shirya. Wani abin lura shi ne, duk da yaɗuwar SFTP, ba ta taɓa zama cikakken RFC ba, a matsayin daftari ta tsaya. Daftarin ya kai siffa ta 6, amma OpenSSH siffa ta 3 take bi tare da wasu ƙare-ƙare nata. Tun daga OpenSSH 9.0 na 2022, shi kansa umarnin scp ta SFTP yake aika fayil.

4.2 Girka Manhaja da Shaidar Uwar Garke

Girkawa ba ta da wani dogon bayani. A Debian da Ubuntu umarni ɗaya ne:

(1) apt install openssh-server

Daga nan manhajar da ke sauraren masu shigowa, wadda ake kira sshd, za ta tashi, kuma babban tsarinta yana cikin fayil ɗin /etc/ssh/sshd_config. A lokacin girkawar ne uwar garke ke ƙirƙirar mabuɗan shaidar kanta, ta ajiye su a jakar /etc/ssh. Waɗannan mabuɗai su ne ke tabbatar wa mai aikowa cewa da uwar garken gaskiya yake magana. Idan babu wannan tabbaci, wani na iya tsayawa a tsakiya ya yi shigar uwar garke, mai aikowa ya layance sakamakon jarrabawa da kyau ya miƙa wa ɓarawo hannu da hannu.

Ranar da mutum ya fara haɗuwa da uwar garke, manhajarsa za ta nuna masa wani jerin haruffa da lambobi da ya fara da SHA256, wanda shi ne tambarin mabuɗin shaidar, ta tambaye shi ko ya amince. Idan ya amince za ta adana shi, daga nan duk ranar da tambarin ya sauya sai ta yi gargaɗi. Raunin wannan tsari yana ranar farkon ne, domin akasarin mutane amincewa kawai suke yi ba tare da sun gwada da komai ba. Saboda haka wajibi ne mai gudanarwa ya fitar da tambarin da wannan umarni:

(2) ssh-keygen -lf /etc/ssh/ssh_host_ed25519_key.pub

sa'annan ya isar da shi ga kowane sashe ta wata hanya daban, kamar takarda mai hatimin ofis, domin jami'in jarrabawa na sashen ya gwada da abin da allonsa ya nuna. Haka kuma idan za a sake girka babbar manhaja, ya kamata a kwafi mabuɗan shaidar a mayar da su. In ba haka ba kowa zai ga gargaɗi, a ce masa ya yi watsi da shi, kuma wanda aka koya wa watsi da gargaɗi sau ɗaya zai yi watsi da shi ranar da gargaɗin na gaske ne. Idan kuwa mabuɗin ne ya fallasa, to dole a sauya shi a kuma sanar. Haka kamfanin GitHub ya yi a watan Maris na 2023, lokacin da mabuɗin shaidarsa na RSA ya bayyana a fili na ɗan lokaci: ya sauya mabuɗin, ya wallafa sabon tambari.

4.3 Mabuɗi a Madadin Kalmar Sirri

Duk uwar garken da aka buɗe wa ƙofa ta 22 ga intanet, ba a daɗewa rajistarta ke cika da ƙoƙarin shiga daga wurare daban-daban. Ba mutane ne ke zaune suna bugawa ba, manhajoji ne ke zagayawa dare da rana suna gwada sanannun sunaye da kalmomin sirri masu sauƙi. Masu iya magana kan ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma a nan tsagar ita ce ma'aikaci ɗaya tak da ya sa sunan ɗansa ko shekarar haihuwarsa a matsayin kalmar sirri.

Maganin da wannan nazari ya fi gamsuwa da shi shi ne a rufe shiga da kalmar sirri gaba ɗaya, a koma ga tagwayen mabuɗai. Kowane mai aikowa zai ƙirƙiri nasa a kan kwamfutarsa:

(3) ssh-keygen -t ed25519

Wannan umarni yana haifar da fayil biyu. Ɗaya mabuɗin fili ne, wanda za a iya kwatanta shi da kwaɗo, shi ake kai wa mai gudanarwa ya rataya a uwar garke. Ɗayan mabuɗin sirri ne, wato ɗan makullin, wanda ba ya barin kwamfutar mai shi. A lokacin shiga, mai aikowa yana sa hannu a kan bayanan wannan haɗuwa da mabuɗinsa na sirri, uwar garke kuma ta tantance sa hannun da na fili. Ke nan babu wani sirri da ya ratsa hanya, kuma ko an kwashe duk abin da ke uwar garke, kwaɗuna kawai aka samu. Kuskuren da ake yawan yi shi ne mai gudanarwa ya ƙirƙiri mabuɗan biyu da kansa, ya tura wa ma'aikaci na sirrin ta imel ko WhatsApp. Yin haka ya rushe hikimar tsarin tun daga tushe. Har ila yau ya kamata a kulle mabuɗin sirrin da jimlar sirri, saboda ranar da aka sace kwamfutar tafi-da-gidanka.

Dangane da nau'in mabuɗi, Ed25519 ya shigo OpenSSH ne a siffa ta 6.5 a 2014, kuma tun daga siffa ta 9.5 a 2023 shi ssh-keygen ke ƙirƙira idan ba a faɗi wani nau'i ba. An daina karɓar DSA kai tsaye tun siffa ta 7.0 a 2015, aka cire shi ɗungurungum a siffa ta 10.0 a 2025. RSA yana nan yana aiki, sai dai tun siffa ta 8.8 a 2021 an rufe sa hannunsa mai amfani da SHA-1. Wannan yakan sa tsohuwar manhajar wani sashe ta kasa shiga sabuwar uwar garke, kuma abin da ya dace shi ne a sabunta manhajar sashen, ba a sassauta wa uwar garke ba. Masu amfani da Windows suna iya aiki da WinSCP ko FileZilla, kuma duk suna karɓar mabuɗi.

Layukan da za a sa a babban ɓangaren sshd_config su ne:

(4) PermitRootLogin no
PasswordAuthentication no
KbdInteractiveAuthentication no
AllowGroups masugudanarwa masufayil
Subsystem sftp internal-sftp

Layi na farko ya hana asusun root, wanda ke da iko a kan komai, shiga daga nesa. Na biyu da na uku tare suke tafiya, domin idan aka rufe na biyu aka bar na uku, a wasu tsare-tsaren uwar garke za ta ci gaba da tambayar kalmar sirri ta bayan gida. Na huɗu ya taƙaita shiga ga rukuni biyu, duk wani asusu da ba ya cikinsu ba zai shiga ba ko yana da mabuɗi. Wasu kan ba da shawarar a sauya ƙofa daga 22 zuwa wata lamba. Wannan yana rage hayaniya a rajista, amma a ra'ayin mai wannan nazari bai kamata a ƙirga shi cikin matakan tsaro ba, domin wanda ya nufi uwar garken da gangan zai gano sabuwar ƙofar cikin 'yan mintoci. Abin da ya fi shi amfani shi ne a sa katangar tsaro ta karɓi haɗuwa daga adireshin kwamfutocin makaranta kaɗai.

4.4 Killace Mai Aikowa

Wannan shi ne ƙashin bayan aikin, kuma nan ne aka fi yin tuntuɓe. Asalin SSH an yi ta ne domin mutum ya shiga kwamfuta daga nesa ya ba ta umarni. Saboda haka idan aka buɗe wa jami'in Sashen Lissafi asusu aka tsaya nan, ba damar aika fayil kaɗai aka ba shi ba. Zai iya gudanar da manhajoji, ya zagaya jakunkunan uwar garke, ya karanta jerin sunayen masu asusu, wataƙila har ya leƙa jakar wani sashe idan an yi sakaci da izininta. A gidan Bahaushe baƙo a zaure yake tsayawa, a nan ake karɓar saƙonsa a sallame shi, ba ya wucewa cikin gida. Irin wannan zaure ake son gina wa kowane sashe.

OpenSSH ta samar da hanyar yin haka cikin sauƙi a shekarar 2008, lokacin da aka shigo da ChrootDirectory da internal-sftp. Kafin nan sai an kwafi manhajoji da ɗakunan karatunsu cikin jakar kowane mutum, aiki mai wahala da yawan kuskure. Da farko za a ƙirƙiri rukuni da asusu da jakunkuna:

(5) groupadd masufayil
useradd -M -g masufayil -s /usr/sbin/nologin lissafi
mkdir -p /srv/sftp/lissafi/shiga
chown root:root /srv/sftp /srv/sftp/lissafi
chmod 755 /srv/sftp /srv/sftp/lissafi
chown lissafi:masufayil /srv/sftp/lissafi/shiga
chmod 750 /srv/sftp/lissafi/shiga

Sa'annan a ƙarshen sshd_config a ƙara wannan:

(6) Match Group masufayil
ChrootDirectory /srv/sftp/%u
ForceCommand internal-sftp -d /shiga -u 0027 -l INFO
AuthorizedKeysFile /etc/ssh/mabudai/%u
DisableForwarding yes
PermitTTY no

Match yana nufin layukan da ke biye sun shafi 'yan rukunin masufayil ne kaɗai, kuma hukuncinsa yana ci gaba har sai an ci karo da wani Match ko fayil ya ƙare. Dalilin sa shi a ƙarshe ke nan. Alamar %u tana wakiltar sunan mai shiga, don haka layi ɗaya ya wadatar wa dukkan sassa. ChrootDirectory yana sa jakar /srv/sftp/lissafi ta zama ita ce farko da ƙarshen duniyar wannan asusu, ba ya ganin abin da ke samanta balle na maƙwabta. ForceCommand kuwa yana tilasta cewa ko me mai shiga ya nema, SFTP kaɗai zai samu.

Lambobin izini da ke misali na (5) suna buƙatar bayani. A Linux karantawa 4 ce, rubutawa 2, shiga jaka 1, kuma ana tara su ne. Lamba ta farko ta mai jaka ce, ta biyu ta rukuni, ta uku ta sauran jama'a. Ke nan 755 na nufin mai jaka yana da 7, wato komai, sauran kuwa suna da 5, wato su shiga su karanta amma ba su rubuta ba. Sharaɗin da OpenSSH ta gindaya shi ne, jakar killacewa da duk jakunkunan da ke samanta har zuwa tushe dole su zama mallakar root, kuma kada wani ya iya rubutu a cikinsu sai shi. Idan aka saɓa, za a karɓi mabuɗin mutum lafiya lau, sa'annan nan take a yanke haɗuwar. Shi mai aikowa ba zai ga dalili ba, sai mai gudanarwa ya duba rajista zai ga ƙorafi a kan mallaka ko izinin jakar.

Sabon mai gudanarwa yakan ga wannan sharaɗi kamar an juya abu ne a baibai: yaya za a ce jakar mutum ce amma ba zai iya rubutu a cikinta ba? Dalilin shi ne, manhajojin Linux suna neman wasu muhimman fayiloli a sanannun wurare da ke farawa daga tushe, kamar jakar etc inda ake ajiye bayanan asusu. A cikin killace, jakar mutum ita ce tushe. Idan yana iya rubutu a cikinta, zai iya ƙirƙirar tasa jakar etc ta bogi, ya zuba abin da ya ga dama, ta yadda duk wata manhaja mai ikon root da ta gudana a wurin za ta gaskata ƙaryarsa. Saboda haka ake barin zauren a hannun root, a ba baƙo ɗan ɗaki guda a ciki, wato jakar shiga, inda yake da ikon ajiya. Zaɓin -d /shiga yana sauke shi a ɗakin kai tsaye, shi kuma -u 0027 yana hana 'yan rukuni rubutu a kan fayil ɗin da ya ajiye, ya kuma hana sauran jama'a ko da karantawa.

Akwai hikima wajen fitar da mabuɗan fili zuwa /etc/ssh/mabudai. A al'ada suna zama ne a jakar mai asusu, inda zai iya ƙara wani mabuɗi da kansa, ya ba abokinsa hanyar shiga ba da sanin kowa ba. Idan suna hannun root, mai asusu yana iya karantawa kawai, to ba a ƙara kowa sai ta hannun mai gudanarwa. A gaban kowane mabuɗi ana iya rubuta from tare da adireshin da aka yarda a shigo daga gare shi, da kuma expiry-time tare da ranar da mabuɗin zai daina aiki.

Layin DisableForwarding shi ne aka fi mantawa. SSH tana iya zama bututu, mutum ya bi ta cikin uwar garke ya isa wasu kwamfutocin cikin gida waɗanda katangar tsaro ta ɓoye, kamar rumbun bayanan ɗalibai. Killacewa da ForceCommand ba su hana wannan, domin su fayil da umarni suka shafa. Asusun da aka ɗauka na aika fayil ne kawai zai iya zama gada zuwa cikin makaranta matuƙar ba a rubuta wannan layi ba.

4.5 Gwaji Kafin Aiwatarwa

Kafin a sake tayar da sshd, umarnin sshd -t yana duba ko akwai kuskuren rubutu. Umarnin sshd -T kuwa yana nuna tsarin da manhajar za ta bi a zahiri, wanda ba lallai ne ya zama abin da mai gudanarwa ke zato ba. Dalili shi ne, a wannan fayil ƙimar da aka fara karantawa ita ke aiki, ba ta ƙarshe ba, kuma Debian da Ubuntu suna da layin Include a can sama wanda ke jawo fayilolin jakar /etc/ssh/sshd_config.d tun kafin a iso ga sauran layuka. Idan ɗaya daga cikinsu ya buɗe shiga da kalmar sirri, to rufewar da aka yi a ƙasa ba ta da tasiri. Haka kuma kada mai gudanarwa ya rufe tagar da yake ciki sai ya buɗe wata ya tabbatar yana iya shiga, in ba haka ba zai kulle kansa a waje, sai ya taka zuwa ɗakin da injin yake.

Gwajin da ya fi muhimmanci shi ne na abin da bai kamata ya yiwu ba: a gwada shiga da kalmar sirri, a gwada haurawa sama daga jakar shiga, a gwada neman gudanar da umarni, a gwada buɗe bututu. Kowanne ya kamata ya ci tura.

4.6 Abin da Layancewa Ba Ta Karewa

SFTP tana kare fayil ne muddin yana kan hanya. Da zarar ya sauka, a fili yake zaune a kan faifai, duk mai ikon root ko wanda ya ɗauke injin zai karanta shi. Don haka jakar shiga wurin sauka ce kawai, ya kamata ofishin jarrabawa ya riƙa kwashe abin da ya iso zuwa ma'ajiyar da ba ta fuskantar waje. Darasin manhajar MOVEit Transfer ya isa misali. A watan Mayu na 2023 gungun masu kutse da ake kira Cl0p suka yi amfani da wani rauni a shafinta na intanet suka kwashe fayilolin ɗimbin hukumomi da kamfanoni. Ba su karya layancewar hanya ba, tarin fayilolin da aka bari a zaune suka tarar. A Nijeriya, Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta ɗora wa mai riƙe da bayanan mutane alhakin kare su, ta kuma wajabta sanar da hukumar da ke kula da dokar cikin awa 72 idan aka sami ɓarakar da ke iya cutar da masu bayanan. Suna da lambar ɗalibi da makinsa suna cikin irin waɗannan bayanai.

Ita kanta OpenSSH, duk da kyakkyawan tarihinta, tana buƙatar sabuntawa a kai a kai. A watan Maris na 2024 Andres Freund ya gano wata ɓoyayyar ƙofa da aka dasa a manhajar xz, siffa ta 5.6.0 da 5.6.1, wadda aka nufi sshd da ita. A watan Yuli na shekarar kuma kamfanin Qualys ya bayyana wani rauni a sshd da zai iya ba mai kutse ikon root ba tare da mabuɗi ba, aka toshe shi a siffa ta 9.8. Babu wani layi a misali na (4) da zai kare uwar garken da ba a sabunta ba.

Game da rajista, zaɓin -l INFO da ke misali na (6) yana sa a rubuta wane fayil aka buɗe, aka rubuta, aka goge ko aka sauya wa suna. Sai dai a wasu tsare-tsaren wannan ba ya isa rajista sai an samar da dev/log a cikin jakar killacewa, don haka a aika fayil na gwaji a duba ko ya bayyana. Ranar da ɗalibi ya yi ƙorafin an sauya masa maki, wannan rajista ce za ta nuna asusun da ya aiko da fayil ɗin da lokacin da ya iso. Amfaninta kuwa ya dogara ne ga kowane mutum ya kasance da mabuɗinsa. Idan malamai biyar suna amfani da mabuɗi ɗaya, rajista ba za ta iya bambance su ba.

Akwai kuma matsalar da ta fi damun irin muhallinmu, wato ɗaukewar wuta da yankewar sadarwa ana tsakiyar aiki. Idan haɗuwa ta yanke, rabin fayil yana nan zaune a jakar shiga da cikakken sunansa, kuma ofishin jarrabawa na iya ɗaukar sa a matsayin kammalalle, sunayen ɗaliban ƙarshen jerin su ɓace. Hanyar kauce wa haka ita ce a aika fayil da sunan wucin gadi, sai ya gama sauka a sauya masa suna, ofishin kuma ya riƙa ɗaukar masu cikakken suna kaɗai. WinSCP tana yin haka da kanta ga fayilolin da suka wuce wani girma, kuma ana iya saita ta ta yi wa kowane fayil. Umarnin reput yana ci gaba da aikawa daga inda aka tsaya. Domin ƙarin tabbaci, sashe zai iya lissafa tambarin fayil ɗin da sha256sum ya aiko da shi, ofishin ya sake lissafawa ya gwada. Ya kamata kuma jakar /srv/sftp ta kasance a ɓangaren faifai na daban, domin kada wani sashe ya cika faifan da babbar manhaja ke kai, aiki ya tsaya wa kowa.

Jami'in jarrabawa na sashe ba ya dawwama a kan muƙaminsa, wani ya tafi ƙaro ilimi, wani a sauya shi, amma mabuɗinsa yana nan yana aiki har sai an goge layinsa daga /etc/ssh/mabudai. Saboda haka ya dace a sa wa kowane mabuɗi ranar ƙarewa daidai da ƙarshen zangon karatu, ta yadda a farkon sabon zango shugaban sashe zai aiko da sunan jami'insa a rubuce kafin a sabunta masa.